Zurfin tashar Roppongi: dabara ce ko wahalar da fasinja?

Bakano a Nerima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙorafi gare ni, masu ilimin abin su fito. Tashar Roppongi ta layin Oedo a birnin Tokyo, dandamalin da jirgin da ya taso daga Shinjuku yake tsayawa, zurfinsa mita 42.3 ne, hawa na 7 a ƙarƙashin ƙasa. Duk jiragen ƙarƙashin ƙasa na biranen Japan babu tashar da ta kai ta nutsewa. Ka sauka daga jirgi ka hau matakala mai tafiya da kanta, ta ƙare, ka sha kwana ka hau wata, ita ma ta ƙare, ka ɗaga kai ka ga wata tana jiranka. Ƙasar da girgizar ƙasa ba ta ɗauke mata ƙafa, me ya kai su haƙa rami irin wannan su riƙa zuba bayin Allah a ciki safe da yamma? Ni a ganina burga ce kawai.

Abin da ya sa na tayar da maganar, sababbin ɗalibanmu masu zuwa ofishin jakadancin Najeriya a Toranomon, taswirar waya takan ce musu su canja jirgi a Roppongi su hau layin Hibiya zuwa Kamiyacho. A taswira tasha ɗaya ce. A ƙafa kuwa, Allah ya ba da lada.

Ɗan Maraɗi:
Wa'alaikumus salam. Mita 42 fa ka ce? Gaba 23 ke nan in an auna da igiyar guga. Rijiyar da an ka haƙa haka a wajenmu, hannu ba ya jan ruwanta, sai an ɗaura wa raƙumi ko sa. Ni kam tun da na zo ban taɓa shiga wagga tasha ba, kuma yanzu da ka faɗi ba ni da niyya.

Injiniya (Nagoya):
Malam Bakano, babu burga a ciki ko kaɗan. Da za su samu sama-sama da sun yi, domin kowace mita da aka ƙara a zurfi kuɗi ce: kuɗin haƙa, kuɗin matakala, kuɗin famfon iska, kuɗin injin zuƙe ruwa, kuma ba sau ɗaya ake biya ba, kullum ne. Makara ce ta kai su can.

Ka duba tarihin. Layin farko, wanda yau ake kira Ginza, an buɗe shi ranar 30 ga Disamba 1927, tsakanin Ueno da Asakusa, kilomita 2.2 kacal. Wani ɗan kasuwa Noritsugu Hayakawa ne ya ga na Landan ya dawo ya nace sai an yi a Tokyo. A lokacin ƙarƙashin garin fili ne fetal. Titi suke farkewa, su gina ramin, su mayar da ƙasa su rufe. Shi ya sa tashoshin Ginza da yawa kana sauka 'yan matakalu sai ga ka gaban jirgi. A Shibuya ma jirgin "ƙarƙashin ƙasar" a saman bene yake tsayawa, saboda unguwar kwari ce.

Layin Hibiya ya iso Roppongi a 1964, shekarar gasar Olamfik, ya kama gurbin sama. Aka zo aka kafa babbar hanyar mota ta sama a kan titin Roppongi, ginshiƙanta suka nutsa cikin ƙasa. Ga bututun ruwa, ga na bahaya, ga ramukan wayar lantarki da ta tarho. Layin Oedo bai iso nan ba sai 12 ga Disamba 2000. Ta ina kake so ya bi? Dole ya sunkuya ƙarƙashin duk abin da ya tarar.

Sannan a Japan mai fili yana da haƙƙi a kan abin da ke ƙarƙashin filinsa. In ka ratsa ta ƙasan gidan mutum, maganar diyya ta taso. Shi ya sa ramukan suke bin ƙarƙashin tituna, inda titi ya karkata su karkata. Inda faɗin wurin bai isa a jera hanya biyu gefe da gefe ba, sai a ɗora ɗaya kan ɗaya. Haka aka yi a Roppongi: mai zuwa Shinjuku yana hawa na 5, wajen mita 32, mai zuwa Daimon yana hawa na 7.

Bakano a Nerima:
Injiniya na ji bayani, amma bai ba ni amsa ba. Makara ta sa sun yi zurfi, to. Wa ya ce dole sai an yi layin? Sama da yen tiriliyan 1 aka narkar a kansa, kuma taragon ƙanana, rufin kamar ya taɓa kan mutum, ga ƙara in ya shiga kwana har ba ka jin na kusa da kai.

Injiniya (Nagoya):
Kai da kake zaune a Nerima kake tambayar amfanin layin? Da wane jirgi kake zuwa Shinjuku?

Bakano a Nerima:
Wannan kuma wata magana ce daban.

Injiniya (Nagoya):
Ita ce dai. Ƙanƙantar taragon ma daga kuɗin ta samo asali. Sun ga ramin zai yi tsada, sai suka matse shi, girman bakinsa ya koma kusan rabin na wani layin da ake kira Shinjuku. Don jirgin ya shiga, aka cire babban injin lantarki da ke juya taya, aka sa mai aiki da maganaɗisu. In ka leƙa tsakanin ƙarafan dogon za ka ga wani faranti shimfiɗe tsawon hanya, shi jirgin yake ja. Tayoyin ɗaukar nauyi kawai suke yi. Irin wannan jirgin yana hawan gangara mai tsanani, yana shan kwana mai kaifi, abin da layin yake bukata ke nan tunda yana nutsewa yana tasowa. Osaka ce ta fara amfani da shi a 1990, Tokyo ta biyo baya a 1991. Ƙarar da kake ji kukan ƙarfe ne a kwana, a cikin rami matsattse. Ban ce tana da daɗi ba.

Maman Husna:
Ku maza kuna ta lissafin mita da tiriliyan. Ku zo ku tura keken jariri a tashar nan, ga wata 'yar shekara uku riƙe da gefen hijabinki, sannan mu yi magana. Lif ɗaya ba ya kai ki waje. Ki fita wannan, ki bi alamar, ki nemi na gaba, ki tarar da layin tsofaffi da masu manyan akwatuna, ki jira ya je ya dawo. Kuma a ƙarshen 2022 lif ɗin ɓangaren Oedo ya lalace, ya yi makonni a tsaye ana jiran kayan gyara daga ƙasar waje. Har labarai sai da suka ɗauka. Mai keken guragu fa a lokacin? Sai dai ya sauka a wata tashar.

Gaskiya ɗaya ce, ma'aikatan ba su da laifi. Ki danna ƙararrawa wani zai zo da farin safar hannu, ya rusuna, ya raka ki har inda za ki. Na ga yadda suke yi wa mai keken guragu: ɗaya ya kawo allo ya shimfiɗa tsakanin dandamali da ƙofar jirgi, ya kira tashar da mutumin zai sauka, kafin jirgin ya isa wani yana tsaye da nasa allon daidai ƙofar. Amma kirkin ma'aikaci ba ya rage tsawon hanya.

Auta ɗalibi:
Anti ni ma abin da ya ɗaure min kai ke nan. Na fito daga Oedo zan shiga Hibiya, sunan tashar ɗaya, amma sai da na fita ta ƙofar tikiti na sake shiga wata, aka sake cirar kuɗi a katina. Na zaci na'urar ce ta cuce ni.

Maman Husna:
Ba ta cuce ka ba Auta, kamfani biyu ne. Hibiya na Tokyo Metro ne, masu layi 9. Oedo na Toei ne, wato na gwamnatin birnin, masu layi 4. Kowa da kuɗinsa. In ka canja daga wannan zuwa wancan suna rage maka yen 70, shi ke nan.

In za ka ofishin jakadanci daga Shinjuku, rabu da shawarar waya. Hau Marunouchi, jan layin nan, ka sauka Kasumigaseki, ka shiga Hibiya mai zuwa Naka-meguro. Toranomon Hills, sai Kamiyacho. Kamfani ɗaya, kuɗi ɗaya, kuma ba ka nutsa ko'ina ba.

Injiniya (Nagoya):
A kan kamfani biyun nan ina tare da masu ƙorafi. A Kudanshita akwai dandamali guda da aka raba da katanga, wannan gefe na Tokyo Metro, wancan na Toei. Mai canja jirgi sai ya hau sama, ya fita, ya shiga, ya sauko, alhali taku kaɗan ne tsakaninsu. Naoki Inose, tun yana mataimakin gwamna, ya yi ta yi wa katangar ba'a har aka rushe ta a 2013. Haɗe kamfanonin biyu dai bai yiwu ba, ɗaya yana cin riba sosai, ɗayan yana ɗauke da bashin gini, ciki har da na Oedo ɗin nan. A 2024 ma Tokyo Metro ya shiga kasuwar hannun jari.

Baba Alhaji (Saitama):
Yara ina karanta ku tun ɗazu. Bakano tsoron girgizar ƙasa yake yi. Ni abin da na gani da idona a ƙasar nan, mutum ya fi ƙasa abin tsoro.

Ranar Litinin 20 ga Maris 1995, ina nan, ina harkar kayan mota. Da safe, lokacin cunkoson ma'aikata, 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka shiga jirage 5 a layi 3, Hibiya da Marunouchi da Chiyoda, dukkansu masu ratsa Kasumigaseki inda ma'aikatun gwamnati suke. Guba mai suna sarin suka ƙunsa a leda, suka naɗe da jarida, suka ajiye a ƙasa. Sun wasa tsinin lema, da shi suka huda ledar suka sauka abinsu. Ɗaya daga cikin jiragen Hibiya, a Ebisu aka huda tasa, ya bi ta Roppongi ɗin nan da kuke magana mutane suna tari, idanu suna duhu, ba wanda ya san dalili. Kafin ya isa Kamiyacho mutane sun fara zubewa. Tashar da ake kwatanta wa Auta ke nan. A talabijin mun ga mutane kwance a bakin titi da kwat da jakar aiki.

Mutum 13 suka rasu, wata kuma ta yi jinya shekara 25 ta cika a 2020. Waɗanda abin ya shafa sun kai dubu 6. A Kasumigaseki ma'aikatan tasha biyu ne suka kwashe ledar suka goge wurin don kada fasinja ya taka, su biyun suka mutu. Har yau duk shekara ana ajiye furanni a tashar. Shugaban ƙungiyar, Shoko Asahara, an rataye shi a Yuli 2018, shi da mabiyansa 12 duk a cikin watan.

Bayan wannan ne aka kwashe kwandunan shara daga tashoshi. Masu tambayar me ya sa mutum yake yawo da shararsa a aljihu, wani ɓangare na amsar ke nan.

Maman Husna:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ban taɓa sanin jirgin ya bi ta Roppongi ba.

Bakano a Nerima:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ai wannan ƙarfafa maganata ya yi. In irin haka ta faru a hawa na 7, ko wuta ta tashi, ko lantarki ya ɗauke matakalar ta tsaya, tsoho irinku ya zai fito?

Baba Alhaji (Saitama):
Tsoho irina ba ya zuwa Roppongi, ɗana. Me zan je yi?

Injiniya (Nagoya):
Baba ya gama da kai. Amma tambayar wuta da hayaƙi tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Ta girgizar ƙasa ce nake jayayya da ita. Ƙasa ta fi kaɗawa a sama. Gini yana tsaye ne shi kaɗai a iska, sai ya yi ta lilo. Rami kuwa ƙasa ta rungume shi, tare suke motsi, kuma zagayayyen rami da injin haƙa ya yi can ƙasa ya fi jure matsi.

Ga misali na zahiri. Girgizar Kobe, 17 ga Janairu 1995, da asuba. Tashar Daikai ta rufta, ginshiƙan tsakiya suka karye, rufi ya sauko, titin da ke samanta ya lotsa fiye da mita 2. Daikai ba mai zurfi ba ce. Irin ta sama-sama ce, wadda aka farke titi aka gina kamar akwati. Bayan nan ne aka bi ginshiƙan tsofaffin tashoshi ana naɗe su da farantin ƙarfe. In ka lura a tsofaffin layuka za ka ga wasu ginshiƙan sun yi kauri, dalilin ke nan.

Sai 11 ga Maris 2011. Jiragen babban kamfanin jirgin ƙasa JR na yankin Tokyo sun tsaya ranar, ba su tashi ba sai washegari. Mutane miliyoyi suka rasa hanyar gida, wasu suka kwana ofis, wasu suka taka har tsakar dare. Layin Oedo da kake zagi yana cikin waɗanda suka fara komawa aiki a daren. Gwamnatin birnin ma ta amince da shi har ta yi rumbun kayan agaji a tashar Azabu-juban, maƙwabciyar Roppongi, don in hanyoyin sama sun toshe a yi jigila ta ƙasa.

Ɗan Maraɗi:
To ruwa fa, Injiniya? Shi ba ya tambayar hanya, gangara yake bi.

Injiniya (Nagoya):
Yauwa. Ka taɓo inda ni ma nake jin tsoro. Azabu-juban ɗin nan a kwari take, kuma a guguwar Oktoba 2004 ruwa ya shiga ɓangarenta na layin Namboku. Sun yi tanadi. Ka duba gefen ƙofar shiga tasha, akwai wasu siraran kwarmi biyu a bango, hagu da dama. Nan ake zura allunan tare ruwa. Ramukan shan iska da kake takawa a gefen titi suna da murfin da ke rufewa in ruwa ya yi yawa. A cikin ramin jirgin kansa akwai manyan ƙofofin ƙarfe a wasu wurare. A gabashin birni, inda ƙasa ta yi ƙasa, wasu tashoshin sai ka fara hawa matakala kafin ka sauka.

Duk da haka, gwamnati da kanta ta yi hasashen cewa in kogin Arakawa ya ɓalle, ruwa zai iya bin ramukan ya cika tashoshi kusan 100, domin layukan a haɗe suke da juna. Bambancinsa da girgiza, ambaliya tana sallama. Ana ganin guguwa tun tana teku, a tsayar da jirage, a fitar da mutane. A Oktoba 2019 an dakatar da jirage da gangan kafin babbar guguwar ta iso.

Malamin makaranta (Zariya):
Salamu alaikum. Mu da muke gida muna ta sauraro. Ni tambayata, in makara ce ke jawo tsada, ashe mu da ba mu haƙa komai ba muna da damar yin sama-sama mai araha a Kano ko Kaduna?

Injiniya (Nagoya):
Malam, a takarda haka ne. Amma haƙan shi ne mai sauƙin. Tashar ƙarƙashin ƙasa ba ta rayuwa sai da wuta awa 24: fitila, iska, matakala, injin zuƙe ruwa. Wuta ta ɗauke minti goma a cikin cunkoso, labari ya canja. A Afirka Alƙahira ta buɗe nata a 1987, Aljiyas a 2011 bayan shekaru kusan 30 ana fama. Legas a sama ta yi nata, kuma daga fara aiki zuwa ɗaukar fasinja a 2023 an haura shekara 10 a kan kilomita 13. Garin da ke da fili, jirgin da ke bi ta saman ƙasa ya fi masa.

Malamin makaranta (Zariya):
Wato mu fara gyara wuta.

Bakano a Nerima:
Har yanzu ba a amsa min maganar hayaƙi ba. Injiniya ya ce tana da nauyi ya wuce.

Injiniya (Nagoya):
Ban wuce ba, mutane ne suka ja ni. Bayan gobarar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Daegu a Koriya ta Kudu a 2003, wadda ta ci mutum 192, Japan ta tsaurara dokokinta: kayan tarago marasa saurin kamawa, hanyar tsira fiye da ɗaya, injin zuƙe hayaƙi, janareto na ko-ta-kwana. Wannan yana rage haɗari. Amma wanda zai hau mita 42 da ƙafa zai hau ta ne, babu dokar da za ta ɗauke shi. A nan kana da gaskiya. Inda ba ka da ita shi ne cewa burga ce.

Bakano a Nerima:
Rabin gaskiya ma a hannun Injiniya ai riba ce.

Baba Alhaji (Saitama):
Tunda ana maganar matakala, ku daina gudu a kanta. Mu a Saitama tun 2021 aka yi doka a tsaya cak, kada a taka. Babu tara, shi ya sa matasa ba sa ji. Mai sanda ko wanda hannunsa ɗaya ya shanye, wani lokaci dole ya riƙe ɓangaren dama, sai wani ya zo a guje ya bangaje shi. A doguwar matakala irin ta Oedo, mutum ɗaya ya faɗi ya kwashi na ƙasa da shi.

Injiniya (Nagoya):
Mu ma Nagoya an yi irinta a 2023, ranka ya daɗe. Nan kam an fara ji.

Auta ɗalibi:
To ni a wane gefe zan tsaya? Jiya wani ya yi min gyaran murya a baya.

Maman Husna:
A Tokyo hagu, a Osaka dama. Kuma ka kula da safe, akwai taragon mata zalla, an rubuta a ƙasa da jikin taga da ruwan hoda. Kada gaggawa ta sa ka faɗa ciki. Jakar goyonka ka juyo da ita gaba in an cika, waya kuma ba a amsa kira.

Auta ɗalibi:
Na gode Anti. Ɗaya ta rage. Ranar Juma'a zan je Kamiyacho da safe, ina son in samu salla a masallacin Tokyo Camii. Ta ina?

Maman Husna:
Koma Kasumigaseki ka hau Chiyoda, koren layi, mai zuwa Yoyogi-Uehara. Can ne ƙarshen layin, amma wasu jiragen suna zarcewa layin Odakyu, don haka kada ka yi barci. Daga tashar minti biyar ne a ƙafa, za ka hango hasumiyar. Ka je da wuri, yana cika har waje.

Ɗan Maraɗi:
Ni ma can zan yi Juma'a in sha Allah. Auta, in ka iso ka yi mini magana, akwai shagon kayan halal a harabar, mu duba ko sun kawo naman rago.